Kyautar da Wobbe Ya Janye

A ƙauyenmu babu wanda ya taɓa wahalar da kansa ya sayi dogon tsani, saboda Wobbe Tolsma yana da shi. Haka tirelar da ake ɗaura wa mota, haka injin aske shinge, haka famfon zuƙe ruwa in ruwan sama ya cika wa mutum ɗakin ƙasa. Duk na Wobbe ne, kuma da wuya ka ga ɗayansu ya kwana a gidan Wobbe. In ka je aro ma ba kayan kaɗai za ka samu ba, har da mai kayan. Zai biyo ka wai ya ga ko ka iya riƙewa, kafin ka ankara ya karɓe aikin, kai kuma kana tsaye a gindin tsani riƙe da kofinsa.

Tankar madara ya tuƙa har ya yi ritaya, gona-gona a wannan yanki namu na Friesland, don haka babu karen da bai san shi ba. Jini kuwa ya yi ta bayarwa har sai da masu ɗiba suka ce masa ya isa haka, ya je ya huta. Ranar ya dawo gida yana cin magani kamar wanda aka kora daga aiki. Abin alfaharin da ya rage masa shi ne sunansa da ke cikin rajistar masu kyautar sassan jiki bayan mutuwa. Tun zamanin da ake ba da ɗan jan kati a sa a aljihu ya shiga, kuma bai ware komai ba: zuciya, huhu, hanta, ƙoda, fata, har da idanu. A duk bikin ranar haihuwa, da zarar an jera kujeru an yi da'ira an raba kek, sai ya san yadda ya yi ya jawo maganar.

"Ni in na mutu ku zo da kwanduna," haka yake cewa. "Abin da zai rage a binne ba zai wuce takalma da haƙoran roba ba."

Mu nan ba mu da zunubin da ya kai ɓarna, saboda haka maganar tana shiga mutane. Da bakinsa ya sa rabin layinsu suka yi rajista, ciki har da Lolke, maƙwabcinsa na tsallaken titi.

Matarsa Hiske kuwa, haɗin Allah ne kawai. Ita ce mai buɗe gwangwanin biskit ta miƙo maka, ka ɗauki ɗaya, ta rufe ta mayar kan kanta tun ba ka kai shi baki ba. Mai hannun jarirai ake ce mata a bayan idonta, ta kuma sani, ko a jikinta. Wata ta taɓa ce mata ta yi sa'ar miji. Ta ce, "Haka nake ji a gari."

Da bazara ta shigo, Lolke ya faɗi a lambunsa yana dashen wake, jijiya ta fashe masa a ka. Wobbe ba ya nan, yana can ƙauyen gaba a kan rufin wani mutum da ko sunansa bai riƙe ba. Hiske ce ta sa Minke, matar Lolke, a mota, suka bi motar asibiti har birni. Ita ce kuma ta zauna da ita har washegari, lokacin da likitoci suka ce ƙwaƙwalwa ta mutu, inji ne kawai yake hura masa numfashi. Aka duba rajista, aka ga Lolke ya amince a ɗauka. Aka yi abin da ya ce.

An dawo da shi gida tsaf cikin kwat ɗinsa, aka shimfiɗe shi a falo kamar yadda muke yi, maƙwabta suka yi abin da ke wuyansu. Wobbe ne ya jera kujeru, shi ya ɗauki gaban akwati. Daga baya asibiti ya sanar da Minke cewa mutum uku sun miƙe da abin da Lolke ya bari. Wobbe ya yi hawaye da ya ji, ya kuma faɗa wa duk wanda ya yi kuskuren tsayawa kusa da shi. Hiske ba ta ce komai ba. Shi kuma bai lura ba, don dama ba mai yawan cewa ba ce.

Sai wata rana da hantsi, tana fere dankalin abincin rana, shi yana ɗaure takalmi zai je ya taya wani kafa rumfar kekuna.

"Heit," ta ce. Tun da aka haifi 'yarsu Nynke take kiransa da sunan da yara ke kiran uba, shi ma Mem yake ce mata, wato uwa. "Ina so ka cire sunanka daga rajistar nan."

"Wace rajista?"

"Ka san wacce."

Ya yi dariya, bai ma ɗago ba. "Me ya faru? Ko kin yi wa wani alkawarin hantata ne a ɓoye?"

Ba ta yi dariya ba. Da ya ɗago sai ya ga ta ajiye wuƙar, abin da Hiske ba ta yi in ba ta gama aiki ba.

"Kai ba ka nan, ni ina nan," ta ce. "Hannun Lolke da ɗumi, Wobbe. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka, kumatunsa jajir kamar wanda ya sauko daga keke. Aka ce wa Minke ta yi sallama da shi, ta yi. Aka tura gadon, muka bi su a wani dogon baranda har bakin ƙofa mai buɗe kanta. Wata nas mai kirki ta ce nan ne iyakarmu. Ƙofar ta rufe. Mu kuma muka tafi neman inda muka ajiye mota. Ba ta ga ƙarshensa ba, baƙi ne suka gani, da ƙyallaye a hanci."

"Ai ya riga ya tafi, Mem. Likitoci sun faɗa."

"Na ji abin da suka faɗa, ban kuma ce ƙarya suke yi ba. Cewa na yi ba zan iya ba."

"Minke ta iya."

"Ni ba Minke ba ce." Ta share hannu a jikin riga. "Shekara arba'in ina karɓar ragowarka. Gari ya ci Asabar ɗinka, ya ci bayanka, ya ci gwiwoyinka, ni a kawo min kai da yamma in shafa maka man zafi. Ranar da aka haifi Nynke kana can kana ciro saniyar wani daga rami. Ban ce komai ba."

"Kin ce."

"To na ce kaɗan. Amma lokacin ƙarshe nawa ne. Ina so in riƙe hannunka har ya yi sanyi, babu wanda yake jira a bakin ƙofa da akwatin ƙanƙara. Shi kaɗai nake roƙonka."

Ya ƙarasa ɗaure takalminsa ya fita, ya je ya kafa rumfar, ya kuma buga wa babban yatsansa guduma, abin da rabonsa da yi tun yana saurayi.

To ka san Wobbe bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Ba wai kirki ne zalla ba, gaskiya dai akwai son a ce a ciki, shi ma ya sani. Amma ga shi yau ta kowace fuska ya juya sai ya hana wani. Ko ya hana mutanen da ba zai taɓa gani ba, waɗanda suke kwance suna jira, ko ya hana matar da take wanke masa safa. Sannan ga gari, ga bakinsa da ya yi ta buɗewa a gidajen mutane. Abin ya hana shi sakat, sai ya koma ciniki.

"Na yi tunani," ya ce mata washegari suna shan kofi. "An yarda mutum ya ware abin da ba ya so a taɓa. In bar miki zuciya da idanu, su ɗauki ƙoda. Ƙoda ai ba ki taɓa damuwa da ita ba."

"Ta wace ƙofa za su bi da kai su ɗauki ƙodar?"

Ya kurɓi kofinsa.

Bayan kwana biyu ya sake ɓullowa ta wata hanya. "Wai ma wa zai so kayana? Tsohon inji ne, duk ya sha hanya. Kuma ba kowace mutuwa ake iya ɗauka ba, sai wanda ya cika a asibiti a kan inji. Ni da kike gani a kujerar nan zan tafi, da jarida a fuska."

"To tunda babu mai so, cirewa ba za ta yi maka wuya ba."

Dabararsa ta uku ita ce ya ɗauka ta fi kowacce wayo, har da murmushinsa ya shigo. Ya ce ya tuna akwai wani zaɓi, mutum yana iya cewa matarsa ce za ta yanke in lokaci ya yi. Ka ga shi bai ce a'a ba, ita kuma wuƙa da nama suna hannunta. Nan ne fa Hiske ta juyo gaba ɗaya ta dube shi.

"Wato likita mai sanyin murya ya kai ni ƙaramin ɗakin nan mai kwalin hankici a kan tebur, ya gaya min akwai uwar yara da take jira, ya tambaye ni. Ni in ce a'a da bakina, in ɗauki mutum uku a kaina har in mutu. Kai kuma kana kwance abinka, sunanka fes. Sannu da dabara, tsoho. Jikinka ne, kai za ka faɗa."

Ya ji kunya, don ta faɗi daidai abin da ya lissafa. Kunyar ce ta sa ya nemi inda zai rama.

"To ke fa? Ai tare muka yi rajistar."

"Nawa yana nan."

"Yana nan? Wannan wane irin adalci ne?"

"Kai za ka iya," ta ce, kamar tana faɗin za a yi ruwa gobe. "Kafin ka fito daga asibiti rabin gari yana jiranka da tukwanen miya. Ni kuwa ban taɓa ba kowa komai ba, kai ka bayar da naka ka haɗa da nawa. Wannan ɗayan dai ka bar min shi."

Maganar ta tsaya masa a rai, ya yi ta yawo da ita.

Abin da ya karya shi ba gardama ba ce. Yana kan rufin gidan wata gwauruwa a ƙarshen gari yana share mata indararo, sai ya hango Hiske a bakin titi, riƙe da kekenta, da jakar cefane a rataye. Kanti yana can ɗaya ɓangaren gari, babu abin da zai kawo mai cefane nan. Tana tsaye ta ɗaga kai tana kallonsa, ta dafe baki da hannu. Da ta ga ya gan ta sai ta sunkuya tana taɓa tayar keke, wai iska take dubawa. Sai a lokacin ya gane ba rigima matarsa take yi ba, tsoro take ji, kuma tun ranar Lolke take jinsa ita kaɗai. Tausayinta ya kama shi har sai da ya riƙe bututun hayaƙi. Ya sauko a hankali, yadda bai saba ba, ya ce mata ranar Talata zai je.

A gidansu babu mai iya harkar hukuma a kwamfuta. Nynke ce take yi musu in ta zo daga birni, amma ita ma'aikaciyar jinya ce, ya san wa'azin da zai sha. Ana iya aikawa ta gidan waya, Wobbe ya ce wannan hanyar ɓarayi ce, shi da rana tsaka ya shiga, da rana tsaka zai fita. Saura laburaren gari, inda ake ajiye tebur da safe, masu aikin sa-kai suna taya tsofaffi irin waɗannan abubuwa. Kuma kowa ya san wadda take zama a teburin ranar Talata. Tun rasuwar Lolke Minke ta karɓi aikin, don kada zaman gida ya cinye ta.

"Ka bari sai Alhamis," in ji Hiske. "Tsohon hedimasta ne ranar."

"Talata na ce."

"Taurin kai dai."

"A wajenki na koya."

Daga ranar ya shiga shirya dalili. A tunaninsa ai ba a barin mutum ya janye irin wannan kyauta haka siddan, dole a titsiye shi. Kullum da yamma sai ya hau keke ya bi gefen madatsar ruwa yana magana shi kaɗai. Ya gwada cewa shekaru ne, ya ji ba ta zauna ba, don ya sha gaya wa mutane da bakinsa cewa babu ruwan rajista da shekaru. Ya gwada cewa hantarsa ta sha barasar ganye da yawa a lokutan sanyi. Ya gwada ɗora wa coci, alhali limaminmu ma yana cikin rajistar. Abu ɗaya ne ya ƙudurta ba zai faɗa ba, wato matata ce ta sa ni. Gari ya riga ya gama da Hiske a kan biskit, ba zai ƙara musu da wannan ba. Mutane suka riƙa ganinsa yana wucewa yana wurga hannu yana yi wa shanu jawabi, aka fara cewa ritaya ta taɓa Wobbe.

Ranar Talata ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci. Da ya shiga laburaren akwai tsofaffi biyu a teburin jarida, irin waɗanda suke zuwa don ɗumin wurin. Minke tana can ƙurya, ta rame, tabarau a rataye a wuya. Wobbe bai iya magana a hankali ba ko a jana'iza, balle yau.

"Maƙwabciya, na zo in cire sunana daga rajistar kyautar jiki."

Jaridu biyu suka sauka a tare. Kafin azahar gari ya ji, wannan ba sai an faɗa ba.

"Zauna, maƙwabci," in ji Minke. Fuskarta ba ta sauya ba. "Ka zo da wayarka? Za su turo maka lamba."

Ta bi da shi daki-daki har suka kai shafin, sannan ta juya kujerarta ta fuskanci taga. Ta ce daga nan ba ta da ikon kallo.

Wobbe ya zauna shi da allon. Ga zaɓin a jere, ga nasa na da can sama da alama a kai. Ya tuna mutum ukun nan da suke yawo yanzu da kayan Lolke, wataƙila ɗaya yana kan keke, wata tana kai yara makaranta. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba ciwon kunyar gari ba, ciwon hana mabuƙaci abin da kake da shi. Ya daɗe da yatsa a sama. Sannan ya danna inda aka rubuta bai amince ba, ya sake dannawa ya tabbatar.

"Ya ce an adana," ya faɗa. "Sai me?"

"Sai ka tashi, wani zai buƙaci kujerar."

"Ina wurin rubuta dalili?"

"Babu."

"To wa zai kira ni ya tambaya?"

"Babu mai kiranka. Ba a tambaya."

Ya yi sororo. Mako guda yana wahalar da shanun mutane, ashe babu mai buƙatar jawabin. Ji ya yi kamar an cuce shi.

"To bari in gaya miki ke," ya ce, ya gyara zama.

"Kar ka gaya min." Ta juyo da kujerar, ta rage murya yadda masu jarida ba za su ji ba, duk da sun miƙa wuya. "In ka gaya min, zai zama kamar kana neman in yafe maka, ni kuma ba ka yi min komai ba. Da za a mayar da ni ranar, abin da na yi shi zan sake yi. Lolke ya so haka, kuma in na tuna mutanen nan ina samun barci. Amma barandan nan yana da tsawo, Wobbe. Kuma bari ka ji, da muka fito ba Hiske ce ta riƙe ni ba, ni na riƙe ta. Ni na tuƙo mu gida, da mijina a kan teburin tiyata, matarka tana gefe tana kuka kamar nata aka ɗauke. Ta ce in na faɗa wa wani ta daina gaishe ni, don haka ba ka ji daga bakina ba. Tashi ka tafi gida, mai jin dalilinka tana can."

Zai fita ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce, "Wobbe, ashe mu mayar da kwandunanmu?"

"Ku mayar," in ji Wobbe. Ya yi mamakin yadda maganar ta fita ba ta kashe shi ba.

Ya tarar da Hiske a bayan gida tana kwashe shanya, iska tana kaɗa zannuwan gado. Ta gan shi sarai tun daga ƙofar lambu, amma ta yi kamar igiya ce ta ɗauke mata hankali.

"Ka je?"

"Na je."

"Ka cire?"

"Na cire."

Ta gyaɗa kai. Ta zare maƙalin shanya ɗaya, ta mayar da shi, ta sake zarewa.

"Ba su tambaye ni dalili ba," ya ce.

"Ai ba sa tambaya."

"Dama kin sani?"

"Kowa ya sani in ban da kai."

"Kika bar ni ina yi wa shanu surutu?"

"Na ga yana rage maka hawa rufi."

"To ni na shirya shi, sai an ji shi."

"Faɗi, ina ji. Amma kama gefen nan."

Ya kama gefen zanin gadon, ita tana riƙe da ɗaya gefen, iska tana neman ƙwace musu. Yana tsaye cikin kwat ɗin coci a tsakiyar kabeji, ya yi gyaran murya kamar mai shirin magana a taro. Sai muryar ta ƙi fitowa yadda ya tsara.

"Da hanta zan ce musu, ko shekaru. Duk ƙarya ce. Jiya a kan keke na ce bari in bi barandan nan da kaina, in ga abin da kike gani. Na bi. Sai na ga ba ni ne a kan gadon ba, ke ce. Ni ne nake biye a baya. Aka ce nan ne iyakata, ƙofar ta rufe. Na fito na tarar da rabin gari da tukwanen miya, kamar yadda kika ce, kuma babu ko mutum ɗaya a cikinsu da nake son gani. Sai da na sauka daga keken na zauna a ciyawa." Ya gyara riƙon zanin. "Kin ce ni zan iya. Ba zan iya ba, Hiske. Ke ce gidan. In ba ke, ni mutum ne kawai mai tsani."

Ta ƙura wa zanin ido, hancinta ya yi ja, ba kuma iska ce ta sa ba.

"Ki cire naki," ya ce. "Don Allah."

Tun aurensu bai taɓa roƙonta komai ba, ko ita ko wani. Shi mai bayarwa ne, roƙo bai iya ba, shi ya sa ya fito masa a karkace kamar na yaro. Hiske ta daɗe tana murza bakin zanin a yatsunta.

"A'a," ta ce a hankali. "Na gaya maka wannan nawa ne."

"To ni in yi yaya?"

"Ba za ka tsaya a bakin ƙofar nan ba. Kai za ka riga ni."

"Wa ya gaya miki?"

"Ni na ce. Ka girme ni, ka fi ni cin gishiri, ga hawan rufi. Ni kuma ba na fita in bar aiki a baya, ka sani. Zan zauna in riƙe ka har ƙarshe, in sa maka kwat ɗin nan, in ga an yi komai daidai. In na gama, su zo su ɗauki abin da suke so a jikina, babu wanda zai tsaya a baranda."

"Alkawari?"

"Alkawari."

Ya san abin ba a hannunta yake ba, ita ma ta san ya sani. Amma iyakar abin da take da shi ke nan, ta kuma ba shi duka, sai ya karɓa. Suka ja zanin ya miƙe, suka ninka shi biyu, ya tako zuwa gare ta da nasa gefen. Ta karɓi kusurwoyin daga hannunsa, ba ta ɗago ta dube shi ba.

"Amma kar ka yi gaggawa," ta ce.